Anti Sannu-Sannu, Mai Allurar Bayan Masu Naƙuda

Ƙarfe bakwai da rabi na safe take shiga ɗakin haihuwa, ta rataye mayafi a bayan ƙofa, ta wanke hannu, ta bi takardun gwajin jini ɗaya bayan ɗaya. Ungozomomi ne suka laƙaba mata Anti Sannu-Sannu. Aikinta allurar baya, wadda ke ɗauke wa mai naƙuda zafi alhali idonta biyu. Shekara ashirin da tara tana wannan aiki, ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ni ta dalilin ƙanwata na san ta. Tun wajen awo aka ce ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare sun yi mata ƙaranci, kuma idan suka sauka sosai, allurar na iya sa jini ya taru ya danne lakar baya, ƙafafu su shanye. Ranar naƙuda ta riƙe mini riga tana kuka: "Yaya, ku ce su yi mini allurar nan!"

Anti ta ja kujera ta zauna. "Ƙanwata, gwajin nan na makon jiya ne, ban yarda da shi ba. Kina haɓo? Dasashi fa, yana jini?" Ta sa aka sake ɗiban jini, ta kai ɗakin gwaji da ƙafarta. Mijin ƙanwata ya fara faɗa a baranda. Anti ta ce, "Malam, kai ke naƙudar? Zauna ka yi mata addu'a."

Bayan minti arba'in ta dawo tana murmushi: adadin ƙwayoyin ya isa, kuma bai ƙara sauka ba. Ta yi allurar. Ƙanwata har gyangyaɗi ta yi! Bayan ta haifi 'yarta, Anti ta yi ta leƙowa tana cewa, "Ɗaga ƙafa in gani." Da ta ɗaga duka biyun, sai da Anti ta tafa mata.

Wata ungozoma ta ba ni labarin wata mata da adadin ƙwayoyin jininta ya sauka ƙwarai. Anti ta ce a'a, ta ba ta wani maganin ta jijiyar hannu, ta tsaya tana shafa mata baya har ta sauka lafiya.

Anti, ke ce wadda kuka bai sa ta gaggawa, tsoro kuma bai sa ta hana mace sauƙin da ya dace da ita. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Ku da za ku karɓi aikinta, ku koyi zama kusa da gadon mai naƙuda. Ƙanwata dai ta raɗa wa 'yarta sunanki.