Ginka da Ƙololuwar Musala

Shekara ashirin da shida Ginka Dobreva ta yi tana dafa miyar wake a wani masaukin matafiya da ke gindin Musala, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasarmu Bulgeriya, amma ba ta taɓa taka ƙololuwarsa ba. Daga ƙofar kicin ɗinta zuwa can tafiyar awa biyu da rabi ce. Ba a neman igiya, ba a neman ƙugiya, ƙafa ce kawai da numfashi. Tsofaffi suna hawa, masu tumbi suna hawa, har wani ta gani ya hau da karensa a jaka.

Ni maƙwabciyarta ce a Samokov, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun ina amarya nake jin wannan ƙorafi.

Mijinta Trayko shi ke kai wa masaukin kaya da dawakai: buhunan wake, fulawa, tukwanen gas. Wani lokaci yakan zarce har sama ya kai wa masu auna yanayi da ke zaune a ƙololuwar. Shi kansa bai san sau nawa ya hau ba. In ta ce ya tafi da ita, sai ya ce, "Haba Ginka, me za ki gani? Duwatsu ne irin waɗanda ke bayan kicin ɗinki. Bari dai baɗi."

Baɗin ba ta zo ba. Watannin da hanya take buɗe su ne watannin da masauki ke cika maƙil, ba ranar hutu. Da baƙi sun ragu sai ta sauko haƙar dankali, kafin a gama ƙanƙara ta rufe dutsen. Abin da ya fi ci mata rai shi ne masu saukowa. Za su zube a benci, fuska ta ƙone, suna ta ba ta labarin tafkuna da suka hango da tekun da wai ake gani in sama ta washe. Sai wani ya ce, "Lelya Ginka, ke kam kin more! Sau nawa kika hau?" Lelya muke kiran duk macen da ta kai gwaggonka. Ita kuwa sai ta dangwarar masa da kwano ta ce, "Ci, kafin ta huce."

Trayko ya rasu tana da shekara sittin da ɗaya. Shekara ta zagayo ta ajiye aiki. Ranar da ta kwaso kayanta ta leƙo ta katanga ta ce mini, "Rumyana, kina da takalmin kirki?"

Karon farko mun fita cikin watan Agusta. Muka hau motar igiya, wadda ke rataye a waya tana haurawa da mutane, daga Borovets da ke ƙasan dutsen, muka bi hanya ta cikin gajerun itatuwan nan masu rarrafe, muka wuce tsohon masaukinta ba ta ko waiwaya ba. Mun kai tafkin ƙarshe, wanda ake ce wa Tafkin Ƙanƙara, saura hawa ɗaya, sai hadari ya taso. Tsawa ta farko da ta faɗi, gashin hannuna ya miƙe. Kowa ya juyo da gudu. Ginka ta tsaya tana kallon sama kamar za ta kai ƙara, sai da na ja ta.

Karo na biyu sama garau. A daidai wannan tafkin muka tarar da wani mutumin Plovdiv zaune a kan dutse yana nishi. Da takalmin zuwa ofis ya hau, ƙafa ta gurɗe. Mutane sun kewaye shi, kowa na ba da shawara, ba mai taɓa shi. Sai wata ta hango mu ta ce, "Yauwa, ga Lelya Ginka ta masauki! Ita ta san abin yi."

Ginka ta ce, "Na bar aiki."

Amma ta riga ta durƙusa. Ta ɗaure masa ƙafar da ɗankwalinta, tana ɗaurewa tana faɗa. "Biki ka zo? Wa ya ce maka ana hawa dutse da wannan? Matarka ta gan ka ka fito haka ta ƙyale ka?" Mutumin ya ce shi gwauro ne. Ta ce, "Ai ga alama." Mu biyu muka tallafe shi har masauki. Kafin mu isa rana ta karkata.

A hanyar gida ta ce mini, "Dutsen nan ya raina ni, Rumyana. Ya ɗauka ni kukunsa ce."

Karo na uku sai a shekarar da ta biyo baya, farkon Satumba. Ta saka hula da baƙin gilashi, wai kada a gane ta. Muka wuce tafkin lafiya. Hawan ƙarshe ya ba ta wuya ƙwarai, hanya tana lanƙwasa a kan tsakuwa, iska ta yi ƙaranci, taku goma sai ta tsaya ta dafa gwiwa. Na ce mu huta. Ta ce, "In na zauna wani zai karye a gabana. Mu je."

Sha biyu saura muka fito saman. Sama tas, ba ko ɗigon gajimare a kanmu, sai wani farin abu can ƙasa a kwari. Ginka tana haki, ba ta ma ɗago kai ba tukuna, sai ƙofar gidan masu auna yanayi ta buɗe. Wani dogo mai gemu ya fito, Lyuben, wanda ya shekara goma sha biyar yana cin miyarta duk lokacin da zai hau aiki. Hula da gilashin ba su hana shi komai ba.

"Lelya Ginka! Allah ne ya kawo ki! Tun safe wake ke kan wuta, ya ƙi nuna, kamar tsakuwa. Ga baƙi shida muna jira. Zo ki duba mana, minti biyu."

Ta ce, "Lyuben, ka bar ni in ga abin da ya kawo ni."

"Dutsen zai gudu ne? Minti biyu, don darajar marigayi Trayko."

Da ya ambaci Trayko sai ta bi shi. Ni na zauna a waje ina cin banitsa, burodin nan mai cuku, ina jin muryarta ta taga. Bai jiƙa waken ba. Ya zuba gishiri da tumatir tun farko. Bai san cewa a wannan tsawon ruwa yana tafasa ba tare da ya yi zafin kirki ba, shi da aikinsa auna iska! Ta sa shi ya nemo tukunya mai murfin matsi, ta sake soya albasa, ta aike shi neman na'ana'a. Na leƙa sau biyu na ce, "Ginka, farin abin nan yana tahowa." Ta ce, "Yanzu, yanzu."

Minti arba'in ta yi. Da ta fito, gajimaren ya riga ya hauro ya lulluɓe mu. Ko dutsen da aka rubuta tsawon ƙololuwar a jikinsa sai ka matsa kake gani. Ta tsaya da ɗanyen hannu, ta juya gabas, ta juya yamma. Fari fat.

Ta ce, "Ke kin gani?"

Na ce, "Kaɗan."

"Kada ki yi mini ƙarya. Da kyau?"

Na ce, "Da kyau, Ginka."

Muka jira awa ɗaya da rabi cikin sanyi, bai yaye ba. Lyuben ya fito mata da kwanon miya yana ta ba da haƙuri. Ta karɓa, ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi yawa, ta miƙa masa abinsa. Da muka sauko, a motar igiya na ga tana share ido da gefen hular.

Saukowar nan ta cinye mata gwiwar hagu. Likita ya ce ta manta da dutse. Ita kuwa ta samo taswira, ta gano wata hanya ta kudu, tafiyar kwana biyu, inda ta ce ba wanda ya san fuskarta. 'Yarta Desislava, da ke aiki a Sofiya, ta zo hutu ta ji wannan shiri, sai ta saka takalman hawan dutsen uwar a mota ta tafi da su.

Jiya da safe ina shanya na jiyo su a waya. Ginka tana cewa, "Ni na haife ki ko ke kika haife ni? Ki sako mini su a bas ɗin Juma'a." Ban jiyo amsar 'yar ba. Sai ta ce, "To, riƙe su. Ni da Rumyana lambar ƙafarmu ɗaya."