Shingen Ntate Mokhethi

Shekara tara Ntate Mokhethi, wato Baba Mokhethi, ya yi yana gadin wani fure da bai fi farcen babban yatsa ba. Kullum da sassafe zai yafa bargonsa, ya zura takalman roba, ya hau dokinsa da suka tsufa tare, su kama hanyar kan dutse. Tafiyar awa biyu ce, ita ma in gwiwa ta yarda. 'Yan shekarun nan ba ta cika yarda ba.

Furen shuɗi ne, ganyensa a shimfiɗe a ƙasa, gindinsa kamar 'yar albasa. Sai watan Disamba yake buɗewa, kuma sai rana ta take. Gajimare na giftawa zai tsuke bakinsa. Tun kaka da kakanni makiyaya ke tattaka shi ba wanda ya kula. Sai ranar da wasu masana tsirrai suka hawo daga Maseru, babban birnin ƙasar, suka durƙusa cikin laka, suka ce su dai ba su san inda yake fitowa ba in ba wannan 'yar fadama ba. Suka ƙirga ɗari huɗu da 'yan kai, suka ce tumaki za su ƙarar da shi. Aka kewaye fadamar da shingen waya, aka nemi mai gadi. Mokhethi ya ɗaga hannu, don dama dusar ƙanƙara ta gama da garkensa a wani mugun hunturu.

Shi kuwa irin mutanen nan ne da in ka ba su ajiyar allura sai su hana kansu barci. A fadamar nan ƙanensa Pheello ke shayar da tumaki. Tun shekarar farko suka sami inda waya ta saki, suka kutsa. Mokhethi ya bi su da sanda har ya karya wa wani rago ƙafa, bai tsaya nan ba sai da ya kai ɗan'uwansa ƙara gaban sarkin ƙauye.

"Abuti, yayana, a kan ciyawa?" in ji Pheello a gaban jama'a. "Nono ɗaya muka sha, ka tara mini mutane a kan ciyawa?"

"Ba ciyawa ba ce. Amana aka ba ni."

"To riƙe ta da kyau. Ranar da ka mutu ita za ta haƙa maka kabari."

Daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba. Da matar Mokhethi ta rasu, Pheello ya zo, ya zuba ƙasarsa a kabari yadda al'ada ta tanada, ya juya ko abinci bai ci ba. Abin ya ci wa Mokhethi rai ƙwarai, amma washegarin zaman makoki ya hau dutse.

Furen dai bai gode ba. Kowace Disamba Mokhethi na ƙirga shi, yana soka tsinke kusa da kowanne don kada ya maimaita, ya aika wa masanan adadin. Ɗari uku. Ɗari da tamanin. Sittin. Su kuma sau biyu kacal suka sake hawowa, suka ce sauyin yanayi ne, a ƙara tsaro. Ya ƙara. Ciyawar cikin shingen ta yi dambu ta kai gwiwa, shi kuma, Allah sarki, har alfahari yake da ita.

Bana guda bakwai ya samu. Sai da ya yi rarrafe yana buɗa ciyawa da hannu kafin ya gan su, sun koɗe, sun miƙa wuya, ko ɗaya bai buɗe ba. Ya zauna kan dutse ya kwance ƙunshin tuwon masararsa, ya kasa ci. Ya gaji. Gwiwa ta gaji, zuciya ta fi ta gajiya, kuma ba wanda zai gaya wa.

Da ya tashi tafiya sai ya tarar dokin ya sulale ya zagaya bayan shingen, wajen da Pheello ya koma shayarwa. Shekaru Mokhethi ya yi ba ya taka wurin. Ya bi shi yana ɗingishi yana zagi, sai ya tsaya cak. Tumaki sun aske ciyawar ƙwal, ga sawun kofato, ga kashi ko'ina. A tsakaninsu kuma ga shuɗi nan barbaje, kowanne ya buɗe yana shan rana. Ya durƙusa ya fara ƙirga, da ya kai ɗari biyu ya bari. Ba ya bukatar masani ya gaya masa. Fure mai kwanciya a ƙasa rana yake so, tumaki ne ke share masa hanya, shi kuma shekara tara yana korarsu.

Ya kwance ƙofar shingen ya jingine ta, ya gangara bukkar kiwo. Pheello na zaune yana ɗinkin linzami, furfura ta cika masa gemu.

"Pheello."

Bai ɗago ba. "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Tumakinka nake roƙo. Ka shigar da su fadama gobe."

"Ƙafafu nawa kake son karyawa?"

"Furanni bakwai suka rage, ƙanena. Ciyawa ta shaƙe su. Amma a bayan shingen..."

"Na sani. Kullum sai na taka su."

Mokhethi ya dafa bango. "Tun yaushe?"

"Tun shekara ta uku."

"Me ya hana ka gaya mini?"

Sai a nan Pheello ya ɗago ya dube shi.

"Ai ba ma magana, abuti."

Ya turo masa kujera da ƙafa. Mokhethi ya zauna, don dama ƙafafun ba za su ƙara ɗaukarsa ba.