Hikima a bakin teku

Hikima ta zo umra daga Zinder tun kafin gashinta ya yi fari, ba ta koma ba. Ba ta da iƙama, wato takardar zama, ba ta da kafili mai tsaya mata. Gyaɗa da aya take sayarwa a unguwarmu Sa'alaba, a kan zane mai ƙulli a kowane gefe, don in 'yan baladiya masu kamen 'yan talla sun ɓullo ta sura ta shige lungu. Maƙwabciyata ce. Ko a ɗakina ba ta zama sai tana fuskantar ƙofa.

Bana aka yi bikin jerin gwano a bakin teku, na ce sai mun je. Ni a nan aka haife ni, takarduna lafiya lau.

"Yaya, in aka kama ni, ke za ki bi ni jirgin da za a mayar da ni gida?"

"Yalla, tashi. Wa zai kalle ki ga 'yan rawa masu fuka-fukai?"

Bayan la'asar muka samu wuri a jikin shingen ƙarfe. Ga 'yan rawa da gashin tsuntsu ja da kore, ga wasu a kan dogayen sanduna, ganguna na girgiza ƙirji. Hikima ba su take kallo ba, hanyar fita take nema. Jama'a kuwa sun cika bayanmu maƙil.

Can sai motar 'yan sanda ta taho a hankali tana walƙiya, biyu suna tafe a ƙasa ta gefenmu. Rakiyar bikin suke yi. Na faɗa mata, ba ta ji ni ba. Baya a toshe, sai ta sunkuya ta ratsa ta tsakanin shinge, ta faɗa cikin 'yan rawa.

Tsohuwa da baƙar abaya tsakiyar fuka-fukai. Wani mai ganga ya matsa mata, 'yan kallo suka yi ta tafi. Ta ɗaga hannu tana juya shi, ta wuce ta gaban ɗan sanda, shi ma yana murmushi.

Sai a unguwar Ruwais ta sulale daga cikinsu. Da magariba na same ta a gida, takalmi ɗaya, tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi.

"To, kin ga biki?"

"Ban ga komai ba. Halas, shi ke nan, kar ki ƙara kirana."

Washegari ta shimfiɗa zanenta a inda ta saba.