Mai Jiran Dariya Ta Ƙare

Ya fi minti ashirin yana jingine da falwaya a bakin tasha. Farar rigarsa ta sha guga, takalminsa kuwa bai san taɓo ba. Hannunsa na dama yana cikin aljihu, inda ya ɓoye 'yar kyamarar da ba ta fi sabulun wanka girma ba.

Wata dattijuwa mai sayar da lemo yake fako. Tana ta sheƙa dariya da maƙwabciyarta har da dukan cinya, shi ko bai ko motsa ba. Sai da dariyar ta lafa, ta dafe ƙugu ta runtse ido saboda ciwon baya, sannan ya zaro kyamarar ya danna.

Ashe ta gan shi.

"Zo nan, ɗan nan. Mu gani."

Ya miƙa mata yana yaƙe. Na san irinsu. Wani bango mai tsabta zai kai fuskar nan ya rataye, inda ƙosassu za su tsaya su girgiza kai.

Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta mayar masa.

"Tun ɗazu kana tsaye ina dariya. Ita ba ta ɗaukuwa ne?"