Jirgin da Ya Watsar Mana da Riɗi

Kububuwa ta sari ƙanena a gonar riɗi a Fashaga, da hantsi, a ƙarshen damina.

Yanka muka je daga Gadarif. Ruwa ya ƙi ɗaukewa a shekarar, baƙar ƙasa ta koma kunu. Tarakta ta nutse, rafi ya raba mu da hanya. Na ɗaure masa ƙafar da rawanina. Kafin azahar ƙafar ta kumbura, jini na tsatsowa daga dasashinsa.

Ban yi karatu ba, amma na san jirage masu saukar ungulu, da kunne ma ina rabe su. Da aka kwashe mu soja aka kai mu kudu na san iri biyu. Akwai mai ƙaton ciki, ƙirar Rasha, da ke ɗaukar mutane da buhuna da gawa a tafiya ɗaya. Zafi ba ya hana shi tashi, ko an huda shi sai ya kai gida. Akwai ɗan'uwansa mai bindigogi a haƙarƙari. Shi in ka ji shi, kwanta. Na ga aikinsa, ba zan faɗa ba.

Na ukun fari ne, ƙarami, na masu agaji. Tun da hanya ta yanke yake bi ta kanmu yana kai magani sansanin 'yan gudun hijira.

Na tara ɗanyar ciyawa na tayar da hayaƙi, na ɗaura farar jallabiya a gora ina kaɗawa. Farin jirgin ya zo ya wuce. Ya juyo, ya shiga zagaye. Babu inda zai sa ƙafa sai wani tudu mai tsakuwa, a nan kuwa muka jingina damman riɗin da muka yanka, kai sama, suna bushewa. Busasshen riɗi bakinsa a buɗe yake, ko tari ka yi kusa da shi sai ya zube. Wahalarmu duka tana kan tudun nan, a kanta za a sallame mu.

Mutanenmu suka ruga suna korar jirgin da hannuwa da huluna, kamar masu korar tsuntsaye daga dawa. Wakilin gona ne a gaba.

"Ya zol, kai mutumin nan, ka haukace ne? Iskarsa za ta kwashe riɗin nan kaf!"

"Ta kwashe."

"Akwai mai maganin maciji a tsallake, a kai shi a kafaɗa."

"Ɗauke shi ka haye rafin in gani."

Wani dattijo, abokin mahaifinmu, ya riƙe mini hannu. "Ɗana, waɗannan ma sun bar yara a gida."

"Na sani, Baba. Sake ni."

Ƙanena ya ɗago daga inda yake kwance. "Yaya, bar shi ya tafi. Za su tsane ka."

"Rufe baki ka yi salati."

Na hau tudun na fara jidar damman tsakiya ina jifa gefe. Ba wanda ya taɓa ni, sun san daga soja na fito. Can sai ga dattijon a gefena, yana jida yana zagina.

Jirgin ya sauko. Riɗi ya tashi sama fari fat, ya shiga ido, ya shiga baki, ya bi iska ya faɗa cikin laka. Matuƙin bai kashe farfela ba. Wata mata ta diro, ta buɗe bakin ƙanena ta duba, ta nuna ƙofa. Na saɓa shi na shigar.

Da suka tafi muka durƙusa muna tsintar abin da ya maƙale a tsakuwa. Bai taka kara ya karya ba. Rabona na bar musu. Daga shekarar ba wakilin da ya sake ɗaukata yanka, wasu kuma har yau ba sa amsa sallamata. Ban ga laifinsu ba. Da za a maimaita, haka zan yi.

Wajen mai shayi samari kan buɗe waya suna gardama: na Amurka mai farfela biyu ya fi, a'a na Rasha ya fi yawa a duniya. Su ce, "Kawu, kai da ka yi soja, wanne ne sarki?" In ce farin. Su yi dariya, wai ko bindiga ba shi da ita.

An yanke wa ƙanena ƙafar daga gwiwa. Yana ɗinkin buhu a kasuwar amfanin gona ta Gadarif. Ni ina nan ƙofar rumfarsa da amalanke, ina dakon riɗin wasu.