Sunan Kwale-kwalen Baba Kaiho

A ƙauyenmu da ke tsibirin Fukue, masunci da sunan jirginsa ake kiransa. Shi ya sa tun ina yarinya Baba Kaiho na san maƙwabcinmu, ban taɓa jin an ce masa wani abu ba. Matarsa, Inna Fusae, Baban Noriaki take ce masa. Kakansa ne ya fara Kaiho na Ɗaya, jirgin katako da ake tuƙawa da hannu. Ubansa ya yi na Biyu da na Uku. Shi kuma ya gaji na Uku yana ɗan shekara goma sha tara, da mahaifin ya rasu, daga nan ya yi na Huɗu, ya yi na Biyar.

Na yi shekara goma sha huɗu a Kanada, karatu da ɗan aiki. Da na dawo na tarar na Biyar ba ya nan. Jirgin ya tsufa, mai shi ma ya kai saba'in da shida, ba ya iya jan raga shi kaɗai, sai aka kai jirgin aka farfasa. Amma Baba bai daina tashi da sassafe ba. Yakan sauka bakin ruwa, hannu a baya, yana duba igiyoyin jiragen mutane, wanda ya ga an ɗaure da sakaci ya kwance ya sake ɗaurewa. Ana gaishe shi da Kaiho kamar da, sai dai a hankali, kamar mai taka ƙafar da ke ciwo.

Cikin kayan da na dawo da su akwai ɗan kwale-kwalen roba na mutum ɗaya, wanda ake kira kayak. Da shi nake fita kamun kifi da fatsa idan teku ta kwanta. Baba ya yi mako biyu yana kallona. Rannan ya tsugunna ya ƙwanƙwasa gefensa da ɗan yatsa.

"Chizuru, wannan abin yana komawa da mutum gida kuwa?"

"Ni dai har yau yana dawo da ni, Baba."

Ya shiga, ya karɓi filafilin, ya zaga tashar jiragen sau ɗaya. Ban koya masa komai ba, jikinsa ya riga ya san ruwa. Bayan wata guda jirgin ruwan fasinja ya sauke masa nasa daga Nagasaki, rawaya shar kamar gwaiduwar ƙwai.

Sai kwale-kwalen ya shiga rumfar ajiye raga ya kwanta. A wurinmu ba a saka jirgi a ruwa ba suna, komai ƙanƙantarsa ko girmansa. Tsofaffi sun ce teku ba ta san wanda za ta mayar ba idan ba ta san sunansa ba. Na yi kuskuren ce masa a can inda na zauna yawancin mutane ba sa raɗa wa irin wannan suna, masu raɗawa kuma abin da ya zo bakinsu suke sawa.

"To su idan sun fita," in ji shi, "waɗanda ke gida wa suke cewa bai dawo ba?"



Abokinsa na ƙuruciya, Baba Shoei, wanda har yanzu jirginsa na aiki, bai bar shi ya huta ba. Kullum sai ya leƙa rumfar.

"Kaiho, yaya jaririn? Har yanzu ba a yi suna ba? Ko sai ya yi haƙori?"

"Je ka gyara injinka mai tari, ka bar ni."

"Ni shawara na kawo. Ka sa masa Bahon Wanki. Fusae ma ta samu na jiƙa kaya."

"Bahon ya fi ka iya tsayuwa a ruwa."

Mai rubuta wa jiragen ƙauyen suna ya rasu ina waje, ni kuma an ga ina rubuta allunan sanarwa a ɗakin karatu, sai aikin ya faɗo kaina. Sau uku Baba yana kirana rumfar. Ya buɗe gwangwanin baƙin fenti, ya motsa shi da tsinke, ya goge gaban kwale-kwalen da tsumma, ya ce, "Rubuta Kaiho na Shida." Ina tsoma buroshi sai ya ce, "Dakata tukuna." Ya rufe gwangwanin, ya ba ni dankalin da Inna ta shanya, ya ce in gaida mutanen gida.

Inna Fusae ce ta warware mini. Tunda Baba ya bar kamun kifi, lamba ta gaba ta magaji ce. Ranar da aka haifi ɗansu Noriaki, masunta sun ɗaga tutocin babban kamu suna cewa magajin Kaiho ya iso. Noriaki kuwa shekara ashirin da shida ke nan yana Nagoya, a wata masana'antar kayan mota. Yana zuwa sau biyu a shekara, da sabuwar shekara da lokacin ziyarar kaburbura. Uba ya ce kifi ya yi ƙaranci bana, ɗa ya ce haka ya ji a labarai, shi ke nan hirarsu.

"In ya rubuta Shida a jikin robar nan, ya ce wa duniya yaron ba zai dawo ba," in ji Inna. "In bai rubuta ba, robar za ta ruɓe a rumfa, shi ma ya ruɓe a bakin tasha yana taɓa igiyar mutane. Ni na gaji da su biyun."

Wata Lahadi da rana na kai musu littafin da Inna ta aro, na tarar suna shan shayi. Inna ta ɗauki waya ta kira Noriaki, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji, ta ajiye gaban mijinta. Na yunƙura zan fita, ta riƙe mini hannun riga.

"Zauna. Da baƙo a ɗaki ba zai kashe wayar ba."

Suka gaisa, suka yi maganar zafi. Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Na sayi ɗan kwale-kwale."

"Inna ta gaya mini. Ta ce rawaya ne."

"Ba shi da suna. Na Shida ne ke biye."

"Ka sa mana, Baba. Ai ka sani."

"Ban sani ba. Ba ka taɓa faɗa ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba."

Ta wayar muna jin talabijin daga can gidan Noriaki. Sai Noriaki ya ci gaba.

"Ba zan dawo ba, Baba. Ruwa juya mini ciki yake yi tun ina ƙarami. Kai ma ka sha gani."

"Na gani. Na ɗauka zai wuce."

"Bai wuce ba. Ko jirgin fasinja sai na sha magani."

Baba ya jujjuya kofin shayinsa a kan tebur. "To. Ka ci abinci sosai. Ka gaida yaran."

Na zaci washegari zai kira ni in rubuta Shida, tunda mai lambar ya sallama. Kwana tara bai neme ni ba. Inna ta ce ya hau tudu ya share kabarin ubansa da na kakansa, ya daɗe a can. Abin da ya gaya musu, ba ta tambaya ba.

A rana ta goma na same shi a rumfa, gwangwani a buɗe, Inna na zaune a kan tulin tsohuwar raga.

"Kaiho ya tsaya a Biyar," ya ce. "Biyar ɗin nan sun ciyar da gida, sun kai yara makaranta. Wannan ba wanda zai ciyar sai ni da magen Fusae. Ba zan ɗora masa kayan da ba nasa ba." Ya nuna gaban kwale-kwalen. "Rubuta Tokuji. Ki sa Maru a ƙarshe kamar kowane jirgi."

"Wane ne Tokuji, Baba?"

Inna ta rufe baki da hannu tana dariya har kafaɗunta na rawa.

"Ni ne," in ji shi. "Rabon da in ji sunan nan tun rasuwar mahaifiyata, in ban da a asibiti. Su ma sai sun kira sau biyu nake gane da ni ake."

Ya zana mini haruffan a ƙasa da tsinke, na kwafa a hankali, gefen dama da na hagu.

An saka shi a ruwa da safiyar ranar da kalanda ta ce mai kyau ce. Baba ya zuba 'yar giyar shinkafa da gishiri a goshin kwale-kwalen, Inna ta raba curin shinkafa ga waɗanda suka taru, mutum bakwai ko takwas. Baba Shoei ya sunkuya ya karanta rubutun, ya daɗe a sunkuye. Ina jiran ba'a, ba ta zo ba. Sai ya kama bayan kwale-kwalen ya taya turawa.

Da Baba ya doshi bakin tasha, Shoei ya ɗaga murya.

"Kai... Tokuji. Kar ka wuce dutsen fitila, iska za ta juya kafin rana ta take."

Bai waiwayo ba. Shoei ya sake kira, shiru. A na uku filafilin ya tsaya a sama, ruwa na ɗiga daga bakinsa. Sannan ya juyo, ya ɗaga hannu.