Baƙin Asabar na Mai Tafireta

Ranar da Dogo ya fara shiga shagon Mai Tafireta, ruwa ake yi tun kafin gari ya waye, irin ruwan nan marar gaggawa da kan wuni yana zuba. Kwata ta cika ta batse a bakin layi, masu kasa kaya duk sun tattara, tela na shagon kusa ya ja kekensa ciki. Dogo ba aiki ya kawo ba, fakewa ya zo yi. Yana tsaye yana karkaɗe jakarsa sai ya ji wata ƙara daga ciki, ƙas ƙas ƙas, kowane bugu da 'yar amsar ƙarfe a bayansa. Ya sunkuyar da kai ya shiga, don ƙofar ba a yi ta domin irin tsawonsa ba.

"Sannu da aiki, Baba. Wannan kibod ɗin a ina ka samo shi?"

"A bola," in ji tsohon, bai ko ɗago ba. "Matsa kaɗan, kana ɗiga mini ruwa a takarda."

Mai Tafireta ya haura shekara saba'in a lokacin. Gyaran tafireta ya koya tun yana saurayi, ya yi shekara talatin yana zaga ofisoshi da jakarsa: sukudireba uku, hantsaki, buroshi, da 'yar kwalbar mai. Sakatarori sun san takunsa. Yakan tsaya daga bakin ƙofa ya ce a buga layi ɗaya, kafin a kai ƙarshen layin ya san inda ciwon yake. Da kwamfuta ta zo, aka jibge tafiretoci ƙarƙashin matattakala, aka daina aika masa. Wata rana ana kwashe tarkacen wani ofis ya ga wannan kibod na kwamfuta a cikin shara, bayansa ƙarfe ne zalla, nauyi kamar an cika shi da yashi. Ya ɓalle maɓalli ɗaya ya leƙa, ya ga ɗan sifirin, 'yar murɗaɗɗiyar waya, a tsaye. Ya ce a ransa, to, wannan dai yarensa nake ji. Ya kai shi gida ya wanke, ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya kama shago yana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki.

Wannan sana'ar ma ta yi zamaninta ta wuce. Kowa ya koma rubutu a wayarsa. Matarsa ta rasu, 'yarsu ɗaya tana aure a gari mai nisa, takan kira shi ranar Lahadi. Akwai ranakun da zai buɗe shago ya rufe, in ban da gaisuwar tela babu wanda ya yi wa magana. In shirun ya yi yawa sai ya ɗauko tsohuwar jarida ya riƙa kwafe ta, ba don kowa ba, don dai yatsu kada su yi tsami.

Dogo, wanda aikinsa rubuta manhajar kwamfuta ne, ya zauna kan kujerar masu kawo aiki ya yi masa bayani. Irin wannan kibod an daina ƙera shi tun kafin a haifi Dogo. Amma yanzu wani ƙaramin kamfani a wata ƙasa ya ce zai sake ƙera shi sak, da ƙarfensa da sifirinsa. Shi da abokansa biyu sun sa suna sun biya, wata goma ke nan suna jira.

"Kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa taɓa na asalin. A bidiyo kawai muke jin kukansa."

"Kun sayi abin da ba ku taɓa taɓawa ba?"

"Haka ne, Baba."

"To, Allah ya shirya. Wanke hannunka ka zo ka taɓa. Gani ya kori ji."

Ranar Asabar Dogo ya dawo da sauran biyun. Ɗaya likitan haƙori ne, gajere mai yawan surutu, suna ce masa Likita. Ɗayar mace ce mai fassara takardu, suna ce mata Malama, ba ta cika magana ba. Suka yi layi kamar masu karɓar allura. Likita ya buga layi biyu ya rufe ido.

"Baba, sayar mini. Faɗi kuɗinsa."

"Sayar mini da haƙoranka tukuna, nawa sun ƙare."

Malama ta kara wayarta kusa da maɓallan tana ɗaukar sautin. Tela ya leƙo da tsinin allura a bakinsa.

"Tsoho, ashe gidan kallo ka buɗe ba mu sani ba? Ka yanka tikiti mana."

Daga nan abin ya zama kullum Asabar. Da farko bencin tela ake arowa, daga baya Mai Tafireta ya sa kafinta ya yi masa nasa. Ya koma share shago tun ranar Juma'a da yamma, yana aske gemu, yana ɗora ruwan shayi kafin ƙarfe goma. Su kuma in sun gama taɓa kibod sai hira ta ɓarke. Ya ba su labarin sakatariyar da ke buga tafireta da yatsa biyu amma ta fi mai yatsa goma sauri, da manajan da ya zuba man girki a cikin injin don ya ji yana ƙara. Labaran da ya ɗauka sun mutu tare da matarsa, don ita kaɗai ta saba jin su, sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wata Lahadi 'yarsa ta ce masa a waya, "Baba, muryarka ta buɗe. Magani ka canza?" Ya ce a'a, baƙi yake yi.

Duk farkon wata kamfanin kan aiko da labarin inda aiki ya tsaya, Dogo ya karanta musu daga wayarsa. Wannan wata fenti ne bai kama ba, za a sake. Wata na gaba sifirin da aka kawo ya cika tauri, an mayar. Wani watan kuma an ce kaya sun haɗu amma ba a samu gurbi a jirgin ruwa ba.

"Ni dai in na mutu kafin ya iso, ku binne ni da rasit ɗin," in ji Likita.

"Mai haƙuri yakan dafa dutse," in ji Mai Tafireta, yana zuba masa shayi.

Yana faɗa, amma shi ya san abin da ke cikinsa. Duk ranar da aka karanta cewa an sake ɗagawa, sai ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Ya san ba gemunsa ne ke kawo su ba, ba kuma shayinsa ba. Jira ne ke kawo su. Ranar da kowa ya samu nasa a kan teburinsa, me zai sa mutum ya ratso gari ya zo ya zauna kan benci a shago mai ƙanshin tsohuwar takarda? Yakan ji kunyar kansa, tsoho da furfura yana murna da abin da ke ɓata wa yara rai. Amma kunyar ba ta hana murnar zuwa wata na gaba.

Haka aka ci wata goma sha huɗu.

Sai wata Asabar ruwan shayi ya tafasa ya huce, ba wanda ya zo. Da yamma Dogo ya aiko da saƙo: kaya sun iso, Baba, muna ta fama. Mai Tafireta ya karanta sau biyu, ya mayar da kofuna cikin kwali. Asabar ta gaba ma shiru.

A ta uku sai ga su su ukun, kowa rungume da ƙaton kwali, fuska ba annuri. Ashe kamfanin ba ya haɗa maɓallan, a leda daban yake aiko su, mai kaya shi zai dasa kowanne a raminsa. Sun dasa, sun bi takardar bayani, sun kalli bidiyo. Rabin maɓallan sun yi gum, in an danna sai su nutse ba ƙara, ba harafi.

"Shekara biyu ina jiran kurma," in ji Likita. Ya ajiye nasa kan tebur.

Mai Tafireta ya danna maɓalli uku, ya kasa kunne. Bai buƙaci na huɗu ba. Sifirin ne ke kwanciya a karkace lokacin da ake tura maɓallin, ba wani abu ba. Aikin minti ɗaya ne ga wanda ya sani.

Tela, da ke jingine a bakin ƙofa yana kallo, ya ce, "Tsoho, zo ka riƙe mini bakin yadin nan." Da suka fita ya rage murya.

"Na ga idonka, ka gano abin. To kada ka nuna musu. Ka ce aiki ne babba, su bar maka. Duk mako ka tayar da biyar, su zo su duba. Maɓalli ɗari-ɗari har gida uku, ai ka samu shekara guda cur."

"Ha'inci ke nan."

"Wane ha'inci? Kuɗinsu za ka ci? Mai gyara bai taɓa nuna wa mai kaya hannunsa ba. Ni ka taɓa ganin na koya wa wani yadda ake sa zif?"

Mai Tafireta ya koma ciki da maganar a kunnensa. Ba ta yi masa ɗaci ba, gaskiya. Ya zauna, ya jawo na Malama gabansa, ya ɗan jima yana shafa gefensa. Kalmomin har sun hau harshensa: ku bar su, ku dawo Asabar. Sai Malama ta ce a hankali, "Baba, mu ne muka lalata su, ko? Ni ban yi barcin kirki ba tun da na buɗe shi."

Ya dube ta. Ya dubi maɓallan da suka nutse.

"Ba ku lalata komai ba, 'yata. Ku matso ku gani."

Ya ɓalle maɓalli ɗaya. Ya ɗaga kibod ɗin ya tsayar da shi a kan gefensa, yadda duk sifirin za su rinjaya gefe guda su bar bangon raminsu. Ya ce a kwance kuke dasawa, shi ya sa yake lanƙwashewa. Ya tura maɓallin a hankali har ya zauna, ya danna. Ƙas. Ya sake ɓallewa ya miƙa wa Malama, ya ce yi da hannunki. Ta yi, bai yi ƙara ba. Ya ce kada ki duba, ki saurara, in kin ji ya yi kamar an taka auduga, cire ki sake. A karo na uku ya amsa mata. Wanda sifirinsa ya riga ya goce kuwa, ya nuna musu yadda ake kama shi da hantsaki, a ɗan murɗa, a zaunar da shi daidai. Nan Likita ya fi kowa, don hannunsa ya saba da ƙananan ramuka.

"Ashe haƙori ne," in ji shi. "Baba, da ka faɗa tun farko."

Bai rage musu komai ba. Har dabarar dogon maɓallin ƙasa, mai 'yar waya a cikinsa, wadda shi kansa sai da ya yi kwana uku kafin ya gano ta, ya nuna musu sau biyu.

Kafin rana ta yi sanyi duk kibod ukun sun tashi. Aka jera su kan tebur tare da tsohon kibod ɗin, kowa ya kama bugu, shagon ya cika da ƙara har masu wucewa na tsayawa. Dogo ya buga nasa, ya buga na Mai Tafireta, ya ce na Baba har yanzu ya fi zaƙin murya. Tsohon ya yi murmushi. Kunnensa ya gaya masa ba su da bambanci, masu ƙerawa sun iya aikinsu.

Asabar ta gaba Dogo ne kaɗai ya zo, ya sha shayi rabin kofi, aka kira shi a waya. Bayan mako biyu Malama ta kawo takarda shafi huɗu a buga mata, aikin da ya san za ta iya yi a gida cikin minti goma. Ya buga, ta biya, ta yi godiya. Likita ya taɓa wucewa a mota ya danna ham, ya ɗaga hannu. Babu wanda ya yi masa laifi. Mutane ne masu aiki da iyali, abin da suke jira kuma ya zo.

"Na faɗa maka," in ji tela wata rana, yana cizon zare. "Baƙo raɓa ne."

"Ka faɗa."

"Da ka ji tawa, da yanzu suna nan."

"Da suna nan," in ji Mai Tafireta. "Amma da kullum sai na kalli yarinyar nan na ce mata saura kaɗan."

Tela ya koma kan kekensa.

Mai Tafireta yana nan a shagonsa har yau, na uku daga bakin layi, kusa da tela. Idonsa na hagu ya yi rauni, amma yana buga takarda ga duk wanda ya kawo. Yana buɗewa ƙarfe takwas, ya rufe ƙarfe biyar, kwana shida a mako.